Chevelle ta 1966: da birki zan fara ko da ƙafa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, jihar Texas. Wata huɗu ke nan da na sayi Chevrolet Chevelle SS 396 ta shekarar 1966 a hannun wani dattijo da ya daɗe da ajiye ta. Inji lafiya lau. Amma in na taka birki sai ta fizge ni gefe, in kuma na taka sau uku ko huɗu a jere a babban titi sai in ji ba ya kamawa. A kwana tana kwanciya kamar kwalekwale, sitiyarin kuma na fawa ne amma yana da wasa. Abin da zan iya kashewa bana bai wuce dala 2,500 ba. Abokaina sun ce in sa birkin faifai a ƙafa huɗu da rim inci 18. Da me zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a motar, ya kiyaye hanya. Abin da na fahimta shi ne kana da mota mai gudu wadda tsayawa da shan kwana ke ba ta wahala, kuɗin hannunka ba za su gyara komai lokaci guda ba, kana son sanin abin da ya kamata ya riga wani. Shawarar abokanka ba ta bana ba ce. Faifan baya da manyan rim za su cinye kuɗin kaf, su bar ka da abin da ya fi haɗari a motar yana nan yadda yake. Bari in yi maka bayanin dalili.

Motarka tana cikin dangin da General Motors (GM) ta kira A-body, waɗanda ta ƙera daga 1964 zuwa 1972: Chevelle, Pontiac GTO da LeMans, Oldsmobile Cutlass da 442, da Buick Skylark. Bodi daban yake, shasi daban, sifirin mai naɗi ne a ƙafa huɗu. Wannan zumuncin alheri ne gare ka, domin yawancin kayan ƙafar wannan suna shiga waccan, kuma har yau ana ƙera sababbinsu. Abin da kamfanin ya yi a 1966 shi ne ya ɗauki motar iyali ya dasa mata inji 396 mai ƙarfin doki 325 zuwa 375, ya bar ta da gangar birki inci 9.5 gaba da baya. Sai a 1967 aka fara ba mai saye zaɓin faifai a gaba. Ni a kan fijo 504 na koyi kanikanci a Kano, ita kuwa da faifai a gaba take zuwa, don haka ranar da na fara kwance tayar gaban irin motarka a nan Amurka na tarar da ganga a ƙarƙashin wannan ƙaton inji, abin ya daɗe yana damuna.

Birki aikinsa mai da gudu zafi. In ka ninka gudu sau biyu, zafin da zai sha ya ninka sau huɗu. Ganga rufaffiya ce, zafi ba ya samun hanyar fita, kuma tana ɗaukar zafi tana buɗewa, wato tana nisa da takalman birkin da ke son kama ta daga ciki. Shi ne ka ji a taki na uku feda ta yi ƙasa mota ba ta tsaya ba. Fizgar gefe kuma daga yadda aka tsara gangar take: juyawarta ita ke ƙara danna takalmin, don haka ɗan bambanci tsakanin hagu da dama, ko na gyaran tazara, ko ɗigon mai a kan takalmi, ko ruwan sama irin na Houston da ya shiga ɗaya bai shiga ɗaya ba, sai ya zama babban bambanci a sitiyari.

Masta mai gida ɗaya

Kafin ka sayi komai, buɗe bonet ka dubi mastar birki, wato famfon da ke tura mai zuwa ƙafafu in ka taka feda. In ba a taɓa canza ta ba, za ka ga tana da gidan mai ɗaya tak, da bututu ɗaya da ya fita ya rabu zuwa ƙafa huɗu. Ma'anarsa, duk inda ya yoye, ko tiyo ɗaya ce ta fashe a baya, birkin motar gaba ɗaya ya tafi. Daga motocin 1967 ne kamfanonin Amurka suka koma masta mai gida biyu, gaba daban baya daban, saboda in ɗaya ya mutu ɗaya ya tsayar da kai. Wannan ne na kira abu mafi haɗari a motarka, kuma yana cikin mafi arha. Ko da a ce kuɗin da ke hannunka kashi ɗaya cikin goma ne na abin da ka faɗa, nan zan ce ka kai su.

Tare da ita ka canza tiyo uku na roba, biyu a gaba ɗaya a baya. Tsohuwar tiyo kan kumbura ta ciki alhali waje lafiya, ta bar mai ya wuce in ka taka amma ta hana shi dawowa. Wani mutum ya taɓa kawo min Cutlass da ya canza wa ganga da takalma har sau biyu saboda tana fizga dama, ashe tiyon hagu ce ta toshe. Bututun ƙarfe ma ka bi su da hannu da fitila tun daga gaba har baya. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, motar da ta yi shekaru a ajiye a gari mai laima kamar naku kuwa bututunta kan yi tsatsa ta ciki. In za ka canza, akwai bututun haɗin nikel da tagulla da aka yi musamman don birki, yana lanƙwasuwa da hannu, ba ya tsatsa. Kada ka yarda a sa maka bututun tagulla zalla irin na aikin famfo, kuma kada a haɗa maka da mahaɗin matsewa. Bakin bututun birki ninki biyu ake yi masa. Mai kuma ka tsaya a DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin salsiyos, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, shi ya sa nake zubar da shi duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Wani gargaɗi da ba na so ka wuce: tsofaffin takalman birki na wancan zamani da yawa akwai asbesto a jikinsu. In ka buɗe ganga kada ka hura ƙurar da iska, ka jiƙa ta da maganin wanke birki ka goge.

Faifai a gaba, irin na kamfani

Idan mota ta taka birki nauyinta gaba yake zubowa, motarka kuma dama gabanta ya fi nauyi saboda injin. Ƙafar gaba ita ke yin mafi yawan aikin, don haka nan faifai ke da amfani. Abin da nake sa wa irin motarka shi ne tsarin da GM da kanta ta yi amfani da shi daga 1969 zuwa 1972: faifai inci 11 mai ramukan iska a tsakiya, da kalifa, wato abin da ke matse faifan, mai fistin ɗaya. Yana ɗauruwa a kan motar 1966 ba walda ba yanka, ka mai da hannun sitiyarinka na asali a jikin sabon ƙashin ƙafar, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Fad ɗinsa, wato takalmin da ke kama faifan, wanda ake kira D52, kusan kowane shagon kayan mota a Amurka zai samo maka shi, domin an yi shekaru ana sa shi a motoci da a-kori-kura na GM. Wannan babban abu ne. Birkin da ba za ka sami fad ɗinsa ba sai ka yi oda ka jira mako biyu, wahala ce ka saya wa kanka.

Za ka ga ana sayar da kayan a haɗe, wasu da faifai mai huji-huji da kalifa mai jan fenti. Ka ɗauki faifai sumul. Huji ba ya rage tazarar tsayawa a titi, kuma mai arha daga bakin hujin yake fara tsagewa. Rarar kuɗin ka sa a fad mai kyau da boris na kirki.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne haɗa masta da feda da busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi in ka taka birki. Dole masta ta kasance wadda aka yi don faifai a gaba ganga a baya, a haɗa ta da bawul mai raba matsi, wanda ke rage wa baya ƙarfi don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa. In baya ya riga kullewa, motar juyawa take yi. Busta kuma da iskar da inji ke zuƙa take aiki, tana son wajen inci 16 zuwa 18 a agogon awo lokacin da inji ke silo. In wani ya taɓa sa wa injinka babban kamshaf, zuƙar tana raguwa, sai ka taka sau ɗaya lafiya, na biyu feda ta zama dutse. Don haka ka auna kafin ka saya. In awon ya yi ƙasa, ka bar busta, ka sa masta mai ƙaramin rami, inci 1 ko 15/16, domin ƙaramin rami shi ke ba da matsi mai yawa da ƙarfin ƙafa kaɗan. Mai inci 1 da 1/8 ta masu busta ce. A jikin fedar motocin nan akwai huji biyu: na sama na birki marar busta, na ƙasa na mai busta. Na taɓa karɓar wata GTO da mai ita ya kashe kuɗi masu yawa a kalifa mai fistin huɗu amma yana taka birki da ƙafa biyu. Babbar masta aka sa masa ba busta, aka kuma ɗaura sandar a hujin ƙasa. Masta muka canza muka mai da sandar sama, ba mu taɓa kalifar ba. Ka kuma lura, babbar busta inci 11 kan gogi murfin bawul na inji 396, musamman in dogon murfi ne, ka auna wurin.

Gangar baya ka bar ta. Ka sa sababbin takalma, sifirin ɗinsu da silinda, a gyara tazara. A tuƙin gari ta wadatar, birkin hannunta ma ya fi na yawancin faifan baya masu arha riƙewa.

Taya

Birki taya yake tsayarwa, taya kuma ita ke tsayar da mota. Da zarar birkinka ya kai ƙarfin kulle taya, ƙarin girman faifai ba zai rage maka ko taku ɗaya ba a tsayawar farko, robar da ke taɓa kwalta ita ce iyaka. Duba gefen tayarka, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000. Motar da ta daɗe a ajiye takan zo da taya mai zane cikakke amma robar ta bushe. In ta haura shekara bakwai ko takwas ni cire ta nake yi.

Motar da rim inci 14 ta fito, kuma yawancin rim 14 na masu ganga suna gugar kalifa. Rim inci 15 faɗin 7, irin na Rally na Chevrolet, ana samunsu na hannu a kasuwar tsofaffin kayan mota da 'yan kuɗi kaɗan, su ɗauki taya 235/60R15 ko 225/70R15. Gaskiya ne tayoyin da suka fi kama ƙasa yanzu a inci 17 zuwa sama ake yin su. Amma siririyar taya mai tauri a kan ƙafar da bushin ɗinta ya ruɓe, gargada kawai za ta ƙara maka. Wannan ka bar shi sai baɗi.

Aikin ƙafa

Kwanciyar da take yi a kwana da wasan sitiyari, kafin a zargi tsarin kamfani a fara zargin shekaru. Ɗaga motar a kan jak mai ƙafa, ka sa wani ya girgiza taya kana kallon boljoyin, tayarod, aidila da santalin, wato gaɓoɓin ƙafa da sandunan da ke haɗa sitiyari da taya. Ka dubi bushin, wato robobin mahaɗa, na hannayen sama da na ƙasa da ke riƙe taya, da robobin da bodi ke zaune a kansu. Ka dubi faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari da akwatinsa, yakan yage ya kawo wasa. Duk wanda ya mutu a canza shi da irin na asali, Moog da makamantansu suna yi. Mota da sabuwar ƙafa irin ta kamfani tana ba mutane mamaki, domin yawancinmu ba mu taɓa tuƙa ta tana sabuwa ba.

Za a tallata maka jan bushin na foliyuretan. A sitabilaiza, wato sandar da ke rage wa mota kwanciya a kwana, yana da kyau. A ƙafar baya kuwa ba na sa shi. Bayan motarka hannaye huɗu ke riƙe da shi, biyun sama a karkace suke, kuma dole bushin ya murɗa kafin motar ta iya jingina a kwana. In ka cika wurin da abu mai tauri sai ya cije, bayan ya riƙa tsalle ko ya zame ba sanarwa. Roba ka sa, musamman a hannayen sama. Kuma duk notin bushin roba ba a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta. In ka ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna, cikin 'yan watanni ta yage.

Shakazoba mai gas, KYB in kuɗi sun yi ƙasa, Bilstein in da hali, kuma a nan nake ganin ƙarin kuɗin ya cancanta. Sifirin in ba su zauna ba ka bar su. Kada ka bari kowa ya gasa su da wutar walda don motar ta sauka, ƙarfen mutuwa yake yi. Cire sifirin gaba kuma aiki ne da ke karya ƙashi, har ya kashe. In ba ka da abin matse shi na ciki da sarƙar ɗaurewa, wannan kaɗai ka kai gareji.

Akwai dabaru guda uku masu arha da na daɗe ina amfani da su a wannan dangi. Sitabilaizar gaba ta Pontiac Trans Am ta shekarun 1970, mai kaurin inci 1 da 1/4, tana hawa shasin Chevelle, kuma ita kaɗai takan rage kwanciyar nan sosai. In ka sa ta, kana iya ƙara ƙarama a baya, amma sai an rufe hannayen ƙasa na baya da farantin ƙarfe an sa musu bututu a inda noti zai ratsa, domin buɗaɗɗu ne, kamar yadda kamfanin ya yi wa motocin da suka zo da ita. Kada ka sa ta baya ita kaɗai, bayan motar zai riƙa neman wuce gabanta.

Ta biyu ita ce dogon boljoyin na sama. Ƙashin ƙafar gaban waɗannan motoci gajere ne, saboda haka in mota ta jingina a kwana, saman tayar waje yakan karkata waje, taya ta koma tafiya a gefen kafaɗarta maimakon tafinta. Boljoyin da ya ɗara na asali tsawo da rabin inci ko kusan inci ɗaya yana gyara kusurwar hannun sama. Tunda dama za ka canza boljoyin, bambancin kuɗin kaɗan ne, ba sai ka sayi hannayen bututu masu tsada ba.

Ta uku akwatin sitiyarin Jeep Grand Cherokee na 1993 zuwa 1998. Kamfanin Saginaw ne ya yi shi kamar na motarka, ramukan notinsa sun yi daidai, kuma ya fi sauri, 12.7 ne a kan 1, sitiyari ya daina yawan juyi. Za ka mai da hannun fitman naka, wato hannun da ke fitowa daga akwatin, ka canza mahaɗin roba, ka sa adafta a bakin tiyon mai domin zaren nasa na mita ne. A makabartar motoci ake samunsa, amma ka juya shi da hannu ka tabbata shi ma ba shi da wasa.

Bayan duk wannan sai alaimen, kuma a nan ka buɗe baki ka yi magana. Alƙaluman littafin 1966 an rubuta su ne don tayar zamanin da, ba radiyal ba. In mai alaimen ya bi abin da kwamfutarsa ta nuna, motar za ta ci gaba da yawo a titi. Ka ce a ba ka kasta mai kyau, wato kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, gwargwadon abin da hannayen suka bari, digiri 2 zuwa 3 in an samu tunda sitiyarinka na fawa ne, kamba, wato karkatar saman taya, daga sifili zuwa rabin digiri a karkace ciki, bakin tayoyin kuma ya shigo da 1/16 zuwa 1/8 na inci. Wani lokaci shasin gaba ya ɗan lotsa saboda nauyin inji, alaimen ya ƙi zuwa. Akwai sandar hannun sama mai gocewa da aka yi don wannan.

Wanda ke karantawa yana da Mustang ko Charger, tsarin fifikon ɗaya ne amma kayan sun bambanta. Mustang ta farko tana amfana da sauke mazaunin hannun sama da inci ɗaya, kamar yadda aka yi wa Shelby GT350 ta 1965. Charger da Road Runner kuwa sandar murɗi ce a gabansu, sifirin mai ganye a baya.

Duk abin da na faɗa na tuƙin titi ne, ba na filin tsere ba, kuma ban shiga ƙarƙashin motarka ba. Akwai abu ɗaya da zai iya rushe lissafin gaba ɗaya, shi ne tsatsar shasi. Ka ɗauki guduma ka bubbuga inda shasin ya lanƙwasa bayan tayoyin gaba, da inda hannayen ƙasa na baya suke ɗaure, da ƙarƙashin robobin bodi. In guduma ta shige, mai walda ya riga kowa cin kuɗin. In ƙarfe ya amsa da kyau, to masta da bututu da faifan gaba su fara, taya ta biyo, sannan boljoyin, bushin, shakazoba da alaimen. Sitabilaiza da akwatin Jeep in an sami rara. Dala 2,500 za su kai ka nesa in kai za ka yi yawancin aikin, in kuwa gareji za ka ba, kuɗin aiki a Amurka zai sa ka tsaya a birki da taya bana.

Kayan da ka cire kada ka zubar. In lambar shaidar da kamfani ya buga wa motarka (VIN) ta fara da 13817 ko 13867, SS 396 ce ta gaskiya, kuma mai saye wata rana zai tambayi gangunanta da mastarta na asali. Ka shafa musu mai ka sa a kwali.

Ranar da aka gama, ka tabbata notin fitar da iska na kowace kalifa yana sama, in yana ƙasa an musanya hagu da dama kuma iska ba za ta fita ba. Ka nemi titi marar mutane, ka taka birki daga gudun mil 35 a awa zuwa mil 5 a awa sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cik ba, sannan ka yi tafiyar minti goma ba taka birki don faifan ya huce. Bayan mil 100 ka sake ɗaga ta, ka duba ɗigon mai a kowane mahaɗi, ka sake bin notocin ƙafa da na taya.